Gansakukar da ke ciyar da shinkafa: abin da take iyawa da inda ƙarfinta ya tsaya

Duk wanda ya taɓa noman tudu ya san gona tana gajiya. Ka shuka masara ko dawa a wuri ɗaya shekara uku ko huɗu, ba takin zamani ba kashin shanu, za ka ga kara yana sirancewa, ganye yana yin ɗorawa, sannan ƙuduji ya zo ya ƙarasa aikin. Amma a yankin Bengal, da kwarin kogin Ganga a Indiya, da kudancin Sin, da tsibirin Java, akwai fadamun da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana dasa shinkafa a cikinsu, damina bayan damina, tun kafin a san wani abu wai shi yuriya, kuma ba su daina bayarwa ba. Ba wani amfani mai yawa ba ne, tan ɗaya zuwa biyu ne a hekta, sai dai ba ya yankewa. Ita kuwa shinkafa ba ta yi sai da naitirojin, domin kowane tan ɗaya na tsaba yana kwashe kilo 15 zuwa 20 daga gona. To wa ke mayar wa ƙasar abin da ake ɗiba duk kaka?

Ambaliya na taimakawa, domin kogi yana kawo laka mai albarka ya shimfiɗa. Amma akwai gonakin da kogi ba ya kai musu, su ma ba su mutu ba. A 1939 wani masanin kimiyya daga Bengal, P. K. De, ya wallafa binciken da ya nuna cewa wata gansakuka mai launin kore da ya ja zuwa shuɗi, wadda ke kwanciya a kan taɓon gonar shinkafa, tana kamo naitirojin daga iska ta ajiye a gona. Abin da manomi ke takawa yana zamewa yana tsaki, ashe shi ne ke riƙe da gonar.

Ko da yake ido yana ganinta kamar tsiro, ba tsiro ba ce. Dangin bakteriya ce, masana suna ce mata sayanobakteriya, sai dai tana haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda ganye ke yi. Tana cikin tsofaffin halittun duniya, kuma kakanninta ne suka fara cika sararin duniya da iskar oksijin kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce.

Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Wato kowace gona tana zaune ne ƙarƙashin taki marar iyaka, amma shuka ba ta iya taɓa shi, saboda ƙwayoyin naitirojin na iska a ɗaure suke biyu-biyu, ɗauri mai tsananin ƙarfi. Kafin ɗan Adam ya kwance wannan ɗauri sai da Bajamushe Fritz Haber ya gano hanyar a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita masana'anta a Oppau a 1913. Har yau wannan hanya ake bi, ko a masana'antar Dangote da ke Lekki ko ta Indorama a Eleme: a yi amfani da iskar gas, a kai zafi sama da digiri 400, a matse iska da ƙarfin da ya ninka na sararin da muke ciki sau 150 ko fiye. Shi ya sa duk lokacin da gas ya yi tsada taki ke bin sa, kamar yadda kowa ya gani a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Gansakuka kuwa tana yin wannan aikin a cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba, da zafin rana kawai.

Yadda take yi akwai abin mamaki. Sinadarin da ke kwance naitirojin a jikinta, naitirojinas, ba ya shiri da oksijin ko kaɗan, da sun haɗu ya lalace. Ita kuma gansakukar, idan tana haɗa abinci da hasken rana, oksijin take fitarwa. Aiki biyu ke nan da ba sa zama ɗaki ɗaya. Idan aka ɗora irin da ake kira Anabaena ko Nostoc a ƙarƙashin maikiroskof, za a ga zare ne na ƙwayoyi a jere. A cikin kowane goma ko makamancin haka akwai guda ɗaya da ta fi sauran girma, launinta ya kwaɗe, bangonta ya yi kauri. Ita ce heterosist. Ta daina fitar da oksijin, ta toshe kanta don kada ta waje ta shigo, ba ta da aiki sai kama naitirojin. Maƙwabtanta suna turo mata sukari, ita kuma tana tura musu abin da ta kama. Wake da gyaɗa ma suna samun naitirojin daga iska, amma su sai sun ajiye bakteriya a ƙulluttan saiwarsu suna ciyar da ita. Wannan ba ta buƙatar mai masauki. Idan kuma gona ta bushe, ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, wasu ƙwayoyinta suna ƙanƙamewa su kwanta a cikin busasshiyar ƙasa har ruwa ya dawo.

Ba kowane kore-kore a kan ruwa ne wannan ba. Wanda ke yin dogayen zaruruwa masu haske, ka ɗago shi ya biyo hannunka kamar gashi, yawanci koriyar gansakuka ce ta daban, ba ta kama komai daga iska, ci ma take daga takin da ka zuba. Mai amfanin ta fi duhu, tana da santsi da yauƙi, wani lokaci ta zama shimfiɗa a kan taɓo, wani lokaci ƙwallaye masu laushi da ke yawo a ruwa. Da rana tsaka za ka ga kumfa ƙanana sun taru a ƙarƙashin shimfiɗar sun ɗago ta sama. Tabbacin iri dai sai a ɗakin gwaji.

Wani abu da masu tallar gansakuka a matsayin taki ba su cika faɗa ba shi ne, gansakuka ba ta miƙa wa shinkafa naitirojin tana raye, sai ɗan abin da ya tsiyaya. Don kanta take kamawa. Sai ta mutu ta ruɓe, ko ƙwarin ruwa sun cinye ta sun yi kashi, sannan saiwar shinkafa ke samu. Gwaje-gwajen da aka bi sawun naitirojin ɗin sun nuna shukar da ke tsaye tana samun kusan kashi ɗaya cikin uku ne, ko ƙasa da haka idan an bar gansakukar a saman ƙasa ba a cuɗa ta da taɓo ba. Mafi yawan saura yana zama a ƙasa, noman gaba ya riƙa samu kaɗan-kaɗan. Saboda haka wanda yake son ya watsa abu yau ya ga ganye ya yi shar bayan kwana huɗu, wannan ba nasa ba ne.

Bayan binciken De, Indiya ce ta ɗauki maganar da gaske. R. N. Singh na jami'ar Banaras ya yi shekaru yana aiki a kai, har ya nuna ana iya amfani da ita wajen farfaɗo da ƙasar da kanwa ta kashe a Uttar Pradesh: a yi kunya a tare ruwan sama, gansakuka ta rufe filin, yauƙinta da gawarta su riƙa gyara jikin ƙasar sannu a hankali. A Japan, Watanabe ya gwada watsa irin da ake kira Tolypothrix a gonaki tun farkon shekarun 1950. Amma wanda ya kawo abin kusa da hannun talaka shi ne G. S. Venkataraman na cibiyar binciken noma ta Indiya da ke New Delhi, kuma hanyarsa ba ta buƙatar komai da ya fi ƙarfin ƙauye.

Ana samun tire na ƙarfe, ko a haƙa rami marar zurfi a shimfiɗa leda, tsawo mita 2, faɗi mita 1, a fili inda rana ke duka. A zuba ƙasar gona kilo 8 zuwa 10, a haɗa da sufa, wato takin fosfaros, giram 200, a cika ruwa ya kai santimita 5 zuwa 15. Idan ƙasar mai tsami ce a ɗan sa farar ƙasa. Da ruwa ya kwanta sai a yayyafa irin, wanda yawanci gauraye ne na Anabaena, Nostoc, Aulosira da Tolypothrix. A lokacin zafi, cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 shimfiɗa mai kauri za ta rufe ruwan. Daga nan a daina ƙara ruwa, a bar shi ya ƙafe. Abin da ya saura zai tsattsage ya nannaɗe, ya zama ɓawo-ɓawo masu duhu, a kankare a zuba a buhu. Kaɗan daga ciki ya isa irin zagaye na gaba. A gona kuma, kilo 10 ake watsawa a hekta, mako ɗaya bayan dashe, a kan ruwan da ke kwance, kuma a tabbata ruwan bai ƙafe ba na kwanaki. An yaɗa wannan hanya musamman a jihohin Tamil Nadu da Uttar Pradesh, an kuma gwada ta a Masar da ƙasar Bama (Myanmar).

Alƙaluman da aka yi ta yaɗawa su ne, gansakuka tana ba hekta kilo 20 zuwa 30 na naitirojin a noma ɗaya, amfani kuma ya ƙaru da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Mu mayar da shi lissafin da manomi ya sani. Yuriya kashi 46 cikin ɗari ce naitirojin, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Ke nan idan komai ya tafi daidai, gansakuka ta ba ka kwatankwacin buhun yuriya ɗaya a hekta. Irin shinkafar zamani da ake son ta ba da tan 5 ko 6 kuwa tana neman kilo 80 zuwa 120. Buhu guda kyauta ba abin rainawa ba ne, balle ga wanda bashi yake ci ya saya. Amma wanda ya ce maka za ta sallame ka daga shagon mai taki gaba ɗaya, ko bai yi lissafi ba, ko yana da abin sayarwa. Siri Lanka ta nuna abin da ke faruwa idan aka yi gaggawa: a Afrilun 2021 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, amfanin shinkafa ya faɗi, ƙasar ta koma sayowa daga waje, kafin shekarar ta ƙare an fara janye dokar.

Ko wancan buhu ɗayan ma, tambayar ita ce daga ina ya fito: daga irin da aka watsa, ko daga wanda dama yake gonar? A nan ne labarin ya juya. Pierre Roger, Bafaranshe da ya yi aiki a cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, a Los Baños ta ƙasar Filifin, ya tattara sakamakon gwaje-gwajen gona sama da 600 ya auna su. Matsakaicin ƙarin da aka samu bai wuce kusan kilo 250 a hekta ba, buhu biyu zuwa uku na shanshera ke nan, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na gwaje-gwajen ne bambancinsu ya kai a ce ba dace ba ne. Da shi da abokan aikinsa suka duba ƙasar gonakin shinkafa daga ƙasashe daban-daban, sai suka tarar masu kama naitirojin suna nan a kusan ko'ina, sau da yawa ma yawansu a gonar ya fi abin da ke cikin kilo 10 da ake watsawa. Baƙin da aka kawo daga ɗakin gwaji kuwa ba kasafai suke kafuwa ba, 'yan gida ke danne su. Ga kuma sufa da ke biyo irin daga tire, da ƙarin kulawa da ruwa da mai gwaji ke yi, waɗanda su kaɗai suna iya tayar da gansakukar gida.

A ganina wannan ne ya fi komai muhimmanci a maganar, kuma labari ne mai daɗi ga manomi duk da bai yi wa ɗan kasuwa daɗi ba. Matsalar yawancin gonaki ba rashin iri ba ce. Akwai abubuwan da ke danne wanda ke nan, kuma an san su.

Na farko shi ne ƙarancin fosfaros. Halittar da ke samo naitirojin ɗinta daga iska ba ta da inda za ta samo fosfaros sai ƙasa, kuma fadamu da yawa, a Asiya da Afirka ta Yamma, suna da ƙarancinsa. Ɗan sufa da aka raba aka zuba sau biyu ko uku a farkon noma yana tayar da ita fiye da buhun iri. Ƙasa mai tsami ma ba ta yi mata, ta fi son wadda ke tsaka-tsaki ko ta ɗan karkata wajen kanwa, shi ya sa ta yi kyau a wasu sassan Indiya da bakin kogin Nilu.

Sai yuriya kanta, kuma nan ne abin ya fi ban takaici. Kama naitirojin aiki ne mai cin ƙarfi, don haka da gansakuka ta ji shi a narke cikin ruwa sai ta ajiye aikin, kamar leburan da aka kawo wa tuwo har gindin bishiya aka ce ya ci ko bai yi noma ba. Manomi ya watsa yuriya a kan ruwa, mai kama naitirojin ta daina, koriyar nan marar amfani ta samu abinci ta rufe gonar. Da rana ta take, ita koriyar tana zuƙe iskar kabon daga ruwa, ruwan ya koma mai kanwa-kanwa, yuriyar da ta narke ta zama iskar amoniya ta tashi sama. Asara biyu ke nan a watsi ɗaya. Shi ya sa a yawancin gonakin da ake watsa yuriya a kan ruwa, abin da shinkafa ke ci bai cika wuce kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ba.

Maganin wannan an same shi, kuma Bangaladesh ce ta fi kowa rungumarsa: dunƙulen yuriya. Ana matse ta ta zama ƙwallo mai nauyin giram 1.8 ko 2.7, a tura shi cikin taɓo zurfin santimita 7 zuwa 10 a tsakiyar gindin shinkafa huɗu, kamar mako ɗaya bayan dashe, sau ɗaya tak. Saiwa tana ci daga ƙasa, ruwan da ke kwance a saman taɓo ya zauna babu naitirojin, gansakuka ta ci gaba da aikinta. Cibiyar bunƙasa taki ta ƙasa da ƙasa, IFDC, ta kawo wannan dabara Najeriya, Nijar, Mali da Burkina Faso. Wahalarta ita ce sai an yi dashe a layi, kuma sunkuyon yana cin baya.

Akwai kuma masu kiwo a kanta: dodon koɗi, tsutsar sauro da danginta, da wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ido da ƙyar yake gani. Idan suka yi yawa, shimfiɗa ba ta ko fara haɗuwa sun lashe. A tiren Indiya maganin ƙwari ake zubawa, har da irin masu haɗarin da ƙasashe da yawa suka haramta yanzu. A IRRI an gwada dakakkun 'ya'yan darbejiya, suka rage waɗannan halittu, gansakuka ta samu sarari. Wannan dai ba sai mun yi odarsa daga waje ba. Magungunan ciyawa kuma, musamman masu hana ganye amfani da hasken rana, suna iya taɓa ta.

Akwai wata hanya ta daban da manoman Biyetnam da kudancin Sin suka riga masana ganowa da ɗaruruwan shekaru, wato Azolla. Ɗan ƙaramin tsiro ne mai yawo a kan ruwa, bai kai kainuwa girma ko kusa ba, faɗinsa kamar farce. A cikin kowane ganyensa akwai ɗan rami da gansakuka mai kama naitirojin ke zaune, ana gadonta daga tsiro zuwa tsiro. Idan yanayi ya yi masa, yakan ninka kansa cikin kwana 3 zuwa 5. Ana barinsa ya rufe fangali, a zare ruwa, a tattake shi cikin taɓo kafin dashe ko tsakanin layuka. Yana ba da naitirojin fiye da gansakukar da ke zaman kanta, yana danne ciyawa, agwagi da kifi da aladu suna ci. Lardin Thai Binh na Biyetnam ya yi suna wajen renon irinsa. Duk da haka, daga shekarun 1980 nomansa ya ja baya sosai a ƙasashen biyu, domin yuriya ta samu kuma ta yi araha, shi kuwa yana son hannu da yawa, yana son fosfaros, ƙwari suna cinsa, zafi mai tsanani yana kashe shi, kuma dole a raya irinsa ɗanye duk shekara tunda ba a ajiye shi a buhu. Manomi ba ya barin abu don ya daina aiki kawai, yakan bar shi idan wahalarsa ta fi ribarsa.

Dangin nan suna da faɗi, kada a yi musu kuɗin goro. Dihe da matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan kanwa a gefen tafkin Chadi, su shanya a rairayi su sayar a kasuwa don miya, sayanobakteriya ce, amma ba ta kama naitirojin. Wasu kuma guba gare su. Microcystis, mai rufe madatsun ruwa kamar an zuba koren fenti, tana fitar da dafin da ke lalata hanta, kuma shi ya kashe gomman masu wankin ƙoda a garin Caruaru na Brazil a 1996. Don haka ɗebo kore-koren kududdufi a kai gona, ko a bar dabbobi su sha, ba dabara ba ce.

Game da yankinmu, binciken da ya fi kusa da mu shi ne wanda Roger ɗin nan da Pierre Reynaud suka yi a gonakin shinkafar Senegal a shekarun 1970. Sun tarar masu kama naitirojin suna nan, amma ranar Sahel ta yi musu ƙarfi. A wurare da yawa na Asiya gansakukar tana tashi da wuri ne, kafin shinkafa ta yi 'ya'ya ta rufe ruwa da inuwa. A Senegal kuwa sai da shinkafa ta yi duhu ta kare su daga rana sannan suka yawaita. Ma'anar wannan ita ce naitirojin ɗinsu yana zuwa a makare, lokacin da shukar ta riga ta ɗauki ciki, ribar kuma ta fi faɗawa kan noma na gaba. Jadawalin New Delhi ba lallai ya zauna daidai a Kura ko Tillaberi ba.

Sharaɗin da ba a tsallakewa shi ne ruwa mai kwanciya. Shinkafar tudu ba ta cikin wannan magana. Fadamar da ruwa ke shara ya wuce zai tafi da gansakukar. Inda abin zai yi ma'ana shi ne wuraren da manomi ke iya tare ruwa a fangali ya riƙe shi, irin Kadawa, Bakolori, kwarin Haɗeja da gonakin ban-ruwa na bakin kogin Kwara a Nijar. Can ma, mai tayar da ruwa da injin fetur zai auna ko kuɗin man da zai riƙe ruwan kwana da kwanaki bai cinye kuɗin buhun da yake son ragewa ba. Mai yafa iri kai tsaye maimakon dashe shi ma ya yi hattara, domin shimfiɗa mai kauri tana danne ƙananan tsiro kafin su huda ruwa, har a wasu ƙasashe ana ɗaukarta ciyawa ana kashe ta.

Wanda ke son gani da idonsa ba sai ya jira wani ya kawo masa fakiti ba. Ya ware fangali uku masu ƙasa iri ɗaya, iri ɗaya, ranar dashe ɗaya. Na farko ya yi yadda ya saba. Na biyu ya binne yuriyarsa a taɓo maimakon watsawa, ya ƙara ɗan sufa, ya riƙe ruwa santimita 5 zuwa 10. Na uku ya yi kamar na biyu, amma ya rage yuriyar da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan girbi kada ya ƙone ɓawon da ya bushe a saman ƙasa, ya juya shi ciki wajen kaftu. Ya auna amfanin kowane fangali da mudu ɗaya, ya rubuta, sannan ya maimaita a fangalan nan dai har noma uku, tunda kaso mafi yawa na abin da gansakukar bana ta kama, ba shinkafar bana ce za ta ci ba.